Yadda Ake Kallon Tsoffin Fina-finan Gwamnati na Gwajin Bam ɗin Nukiliya

Iyayenmu da kakanninmu sun san majigi. Mota ce ke zuwa ƙofar fada bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, a haska fim a kan noman auduga ko tsaftar rijiya, tafinta yana bayani ta lasifika. Hoton gaskiya ne, amma kowa ya san motar ta hukuma ce, kuma abin da hukuma ke so a gani shi take haskawa. Da wannan idon ya kamata a kalli fina-finan da Amurka, Tarayyar Sobiyat, Birtaniya da Faransa suka ɗauka lokacin da suke gwajin makaman ƙare-dangi, daga 1945 zuwa shekarun 1960. Yau suna nan birjik a intanet, gutsi-gutsi, an ɗora musu kiɗa, galibi babu suna babu kwanan wata. Wannan jagora domin mai son ya wuce matakin "Subhanallahi, dubi wuta" ne, ya fahimci abin da idonsa ke gani. A kowane fim akwai abu uku da za ka riƙa rabewa: abin da kyamara ta ɗauka, abin da mai sharhi ke faɗa, da abin da aka bari a waje.

Mataki na 1: Gane irin fim ɗin da ke gabanka

Iri uku ne. Na farko faifan awo ne, wanda masana kimiyya suka ɗauka don lissafi: babu sauti, babu labari, wani sakan ashirin ne kacal. Na biyu rahoto ne na cikin gida, wanda aka shirya wa hafsoshin soja, 'yan majalisa ko shugaban ƙasa, ana buɗe shi da allon gargaɗi cewa sirri ne. Na uku na jama'a ne, wanda aka kai sinima, makarantu da talabijin domin a kwantar da hankali ko a koyar da dabarun fakewa.

A Amurka, yawancin na biyu da wasu na ukun sun fito ne daga wani gidan shirya fim na rundunar sojan sama mai suna Lookout Mountain, a unguwar Laurel Canyon da ke Hollywood, wanda ya yi aiki a asirce daga 1947 zuwa 1969. Ƙwararrun masu kyamara, masu haɗa sauti da masu zane ne ke aiki a can, shi ya sa za ka ga aikin ya fita tsaf kamar na kasuwa. Idan ka ga sunan nan a farkon fim, ka san mai bam ɗin ne ya biya mai kyamarar.

Mataki na 2: Je tushe, kada ka tsaya a gutsuren da aka turo maka

Wuri uku sun wadatar da mai farawa. Tashar YouTube ta cibiyar binciken Lawrence Livermore tana ɗauke da faifan awo. Labarinsu abin lura ne. Amurka ta yi gwaji 210 a sararin sama tsakanin 1945 da 1962, an ɗauki fina-finai kusan 10,000, sannan aka kulle su a ma'ajiyoyi suna ruɓewa, har wasu gwangwanayen na tashin tsami idan an buɗe. Wani masanin kimiyyar makamai, Greg Spriggs, ya jagoranci aikin nemo su da kwafe su cikin kwamfuta, kuma a watan Maris na 2017 aka fara sakin kashin farko ga jama'a.

Na biyu shi ne Internet Archive, musamman tarin Prelinger, inda za ka samu fina-finan jama'a cikakku daga farko har ƙarshe. Na uku shi ne ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Amurka, wadda ita ma tana da tasha a YouTube. Na Birtaniya ana samunsu a British Pathé da Imperial War Museums, na Faransa a INA, wato ma'ajiyar shirye-shiryen talabijin da rediyo ta ƙasar, da ma'ajiyar hotunan soja ta ECPAD. Hukumar Rosatom ta Rasha ta saki fim na kusan minti 40 a watan Agusta na 2020 a kan Tsar Bomba, bam mafi girma da aka taɓa tayarwa.

Ka yi bincike da sunan gwajin, ba da kalmar "bam" kawai ba: Crossroads Baker, Ivy Mike, Castle Bravo, Upshot-Knothole Annie, Teapot Apple-2, Gerboise Bleue. Idan data ce matsala, fina-finan masu sharhi ba sa buƙatar hoto mai nauyi, ƙaramin inganci ya isa. Faifan awo ne ya cancanci ka kashe masa data, tunda gajere ne kuma ƙananan abubuwan cikinsa ake nema.

Mataki na 3: Yi wa gwajin katin shaida

Kafin ka danna, ɗauki littafi ka rubuta abu biyar: sunan gwajin, ranar, wurin, ƙarfinsa, da yadda aka tayar da shi, wato a kan hasumiya, daga jirgin sama, a rataye da balan-balan, a kan kwale-kwalen ƙarfe ko a ƙarƙashin ruwa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka tana da kundi mai lamba DOE/NV-209 wanda ya jera gwaje-gwajen ƙasar daga 1945 zuwa 1992, kyauta ne a intanet.

Ana auna ƙarfi da kiloton da megaton. Kiloton ɗaya daidai yake da tan 1,000 na nakiyar TNT, megaton ɗaya kuma tan miliyan ne. Riƙe ma'auni guda a kai: wanda aka jefa wa Hiroshima kimanin kiloton 15 ne. To, Ivy Mike na 1 ga Nuwamba 1952 megaton 10.4 ne, ya shafe tsibirin Elugelab daga doron ƙasa, ya bar rami mai faɗin kusan kilomita 2. Castle Bravo megaton 15 ne, Hiroshima sau dubu ke nan. Tsar Bomba na 30 ga Oktoba 1961 a tsibiran Novaya Zemlya na Tarayyar Sobiyat kimanin megaton 50. A fuskar waya duk girmansu ɗaya, domin mai kyamara yana ja da baya gwargwadon girman bam. Lambar nan ce kaɗai za ta gaya maka ko abin da kake kallo zai cinye unguwa ne ko jiha.

Mataki na 4: Kashe sauti, ka kalli hoton shi kaɗai

Nan ne aikin yake, kuma nan na fi so a daɗe. Rage gudun bidiyon zuwa 0.25. A kwamfuta, idan ka tsayar da bidiyon YouTube, maɓallin waƙafi da na aya suna matsar da shi hoto ɗaya baya ko gaba.

Fara da haske. Bam ɗin nukiliya da ya tashi a cikin iska yana walƙiya sau biyu: ƙyas na farko mai tsananin gajarta, sai ya dusashe, sai haske na biyu mai daɗewa. Dalili shi ne, igiyar matsin iska da ke gaba tana yin zafin da take rufe wutar da ke bayanta, sai ta faɗaɗa ta huce sannan wutar ta sake bayyana. Tazarar da ke tsakanin hasken biyu tana nuna ƙarfin bam, girmansa tsawonta. A ƙananan gwaje-gwaje sai faifan awo ke iya kama wannan, domin kyamarorinsu na ɗaukar hoto kusan 2,400 a sakan guda. Da auna faɗin dunƙulen wutar hoto bayan hoto ake lissafa ƙarfin bam, kuma da Spriggs ya sake awon da kwamfuta ya tarar wasu tsoffin alƙaluman da aka yi da hannu sun kauce da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari.

Sai fararen layukan nan da ke tsaye a gefen wutar kamar an ja su da alli. Mutane da yawa na ɗauka daga bam ɗin suka fito. A'a, ƙananan rokoki ne masu hayaƙi da ake harbawa sakan kaɗan kafin tashin. Igiyar matsin iska ba ta ganuwa, amma idan ta ratsa gaban layukan sai a ga sun karye ko sun lanƙwashe, da haka ake auna gudunta.

Idan ka ci karo da hoton dunƙulen wuta mai ƙuraje, da wasu tsinaye suna fitowa ta ƙasansa kamar ƙafafu, wannan aikin kyamarar Rapatronic ne ta kamfanin EG&G, wanda Harold Edgerton na jami'ar MIT da abokansa biyu suka kafa. Kowace kyamara hoto ɗaya tak take ɗauka, cikin abin da bai wuce 'yan kaso cikin miliyan na sakan ba. Tsinayen kuwa wayoyin ƙarfe ne da aka ɗaure hasumiyar da su, zafin haske ya mai da su tururi tun kafin wutar ta iso gare su.

Yanzu ga shahararren gidan katakon nan. A gwajin Annie, ranar 17 ga Maris 1953 a filin gwaji na Nevada, an gina gida mai bene kimanin kilomita ɗaya daga hasumiyar bam mai kiloton 16. Kalli jerin a hankali. Da farko haske ya game gidan. Sai baƙin hayaƙi ya tashi daga bangon, fenti ne ke ƙonewa saboda zafin da ke tafiya da gudun haske. Gidan yana nan tsaye. Sannan matsin iska ya iso, ya kashe hayaƙin, ya tarwatsa gidan. Duk cikin ƙasa da sakan uku. A faifan bishiyoyi za ka ga sun kwanta gaba, sannan sun dawo baya da ƙarfi, domin bayan matsin ya wuce iska na komawa ta cike gurbin da ya bari. Wanda ya gane wannan jeri, haske, zafi, matsi, dawowar iska, ya gane rabin abin da fina-finan nan ke ɗauke da shi.

A nan ne masu shakka kan ce, to yaya gida ya rushe kyamara ta tsira? Tambaya ce mai kyau kuma tana da amsa. Ana saka kyamarorin cikin akwatunan ƙarfe masu rufin dalma don kare faifan daga haskoki masu guba, a ɗora su kan turakun ƙarfe da aka dasa cikin kankare. Gidan katako mai faɗin bango yana tarar iska gaba ɗaya, ƙaramin akwatin ƙarfe kuwa iskar na zagaye shi. Wasu kuma daga nesa aka ɗauka da gilashi mai jawo nesa kusa. Kuma ba duka suka tsira ba, waɗanda suka tsira ne muke gani.

A gwajin Baker na 25 ga Yuli 1946 a tsibirin Bikini da ke tekun Pasifik, wanda aka tayar mita 27 a ƙarƙashin ruwa, farin kumbon nan da ya lulluɓe jiragen ruwa na ɗan lokaci gajimare ne na raɓa, ba hayaƙi ba. Abin da ya fi haɗari shi ne hazon da ya biyo baya, wanda ya yi ta birgima a kan ruwa daga gindin ginshiƙin. Shi ya wanke jiragen da guba.

Mataki na 5: Kunna sauti, amma kada ka miƙa masa wuya

Abu na farko: ƙarar da kake ji tare da walƙiyar ɗora ta aka yi. Sauti na cin kimanin sakan uku kafin ya yi kilomita ɗaya, kamar yadda ake ganin walƙiyar damina kafin a ji tsawa. 'Yan jaridar da suka kalli Annie daga nisan kilomita 11 sun jira kusan rabin minti cikin shiru, sannan suka ji ƙara guda mai kaifi kamar harbin bindiga, da rugugi a bayanta. Duk fim ɗin da haske da ƙara suka zo tare, ka san an taɓa shi a ɗakin haɗa sauti.

Abu na biyu shi ne mai sharhi. Tambayi kanka, wa yake yi wa magana, kuma me yake so mai sauraro ya yi bayan an kunna fitila? Fim ɗin Ivy Mike an ɗauko ɗan wasan kwaikwayo ne, Reed Hadley, ya tsaya a kan jirgin ruwa da lofe a hannu yana bayani cikin natsuwa. An fara nuna wa manya cikakkensa a asirce, sannan aka datse shi aka sake wa jama'a a Afrilu 1954. Fim ɗin Operation Cue na 1955, wanda aka ɗauka a gwajin Apple-2 mai kiloton 29, ya cika gidaje da mutum-mutumi sanye da tufafi, da abincin gwangwani a kicin, saƙonsa kuwa shi ne mai shiri zai tsira. Akwai ma wani, The House in the Middle, da ke cewa gidan da aka share aka yi wa fenti ya fi jure zafin bam, kuma wata ƙungiya ta masu sana'ar fenti ce ta ɗauki nauyin shirya shi. Hoton gwajin na gaske ne. Hukuncin da aka ɗora a kai na mai kuɗin ne.

Ranar 19 ga Yuli 1957 hafsoshin sojan sama biyar sun tsaya a fili, babu ko hular kwano, aka tayar da ƙaramin bam mai kimanin kiloton 2 a samansu, fiye da kilomita 5 daga ƙasa. An yi haka ne don a nuna wa jama'a cewa rokar nukiliya ta harbo jiragen abokan gaba ba abin tsoro ba ce. Na shidansu shi ne mai kyamarar, George Yoshitake, wanda ba ya cikin hoton.

A rahotannin cikin gida da aka cire wa takunkumin sirri a shekarun 1990, za ka ji magana ta yanke tsakiyar jimla, ko hoto ya yi tsalle. Ba wayarka ba ce. Masu tacewa ne suka cire bayanin ƙirar makamin. Rubuta mintin da hakan ya faru, domin abin da ake magana a kai kafin yankewar yakan nuna maka abin da aka ɓoye.

Mataki na 6: Nemi waɗanda ba a nuna ba

Bayan ka gama kallo, buɗe taswira ka duba wa ke zaune ta inda iska ta nufa. Wannan matakin ne ke bambanta mai nazari da mai kallon wasan wuta.

A fina-finan Crossroads, wato gwaje-gwajen Bikini na 1946 da Baker ke cikinsu, za ka ga wani hafsan sojan ruwa, Ben Wyatt, zaune a kan kututturen kwakwa yana roƙon mutanen Bikini su bar tsibirinsu na ɗan lokaci, sarkinsu Juda yana amsawa. Maimaici ne aka shirya wa kyamara bayan an riga an gama maganar, kuma ragowar faifan da ba a yi amfani da shi ba ya nuna an sake ɗauka sau da yawa. An kwashe mutum 167 zuwa tsibirin Rongerik a Maris 1946, inda yunwa ta kusa hallaka su, har aka sake kwashe su a 1948. Wasu daga cikinsu sun koma Bikini a farkon shekarun 1970, amma aka sake kwashe su a 1978 saboda guba, kuma har yau ba su koma zama a can ba. Bayan Baker kuma, an sa matuƙa wanke jiragen da buroshi da sabulu, gubar ta ƙi fita, aka soke gwaji na uku da aka shirya.

Castle Bravo, a Bikini ranar 1 ga Maris 1954, an yi tsammanin megaton 6 ne, ya ba da 15, saboda wani nau'in sinadarin lithium da aka ɗauka ba zai taka rawa ba ya taka. Farar toka ta zuba a kan mutanen tsibirin Rongelap, sama da kilomita 150 daga wurin, ba a kwashe su ba sai bayan kwana biyu, fatarsu ta ƙone, gashi ya zube, daga baya cutar maƙoshi ta yawaita a cikin yaransu. Tokar ta kuma sauka a kan jirgin masunta na Japan mai mutum 23, kuma mai kula da rediyonsu, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba na shekarar.

A cikin Amurka kanta, gwajin Harry na 19 ga Mayu 1953 ya zubar da ƙura mai guba a garin St. George na jihar Utah, kuma a wannan bazarar makiyayan yankin sun yi asarar dubban tumaki. Hukumar makamashin nukiliya ta fitar da fim a 1955 tana nuna garin nan a matsayin misalin yadda komai ke tafiya lafiya. Sai a 1990 majalisar ƙasar ta yi dokar biyan diyya ga mutanen da iska ta kai wa ƙurar, da sojojin da aka sa su tunkari wurin fashewar, da masu haƙar yuraniyom. Haka za ka yi da na Sobiyat, ka nemi ƙauyukan Kazak da ke kewaye da Semipalatinsk, inda aka yi gwaji 456. A na Birtaniya kuma ka nemi 'yan asalin Ostireliya da ke yankin Maralinga.

Mataki na 7: Kalli na Sahara da kulawa ta musamman

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane a kudancin Aljeriya, ta sa masa sunan wani ɗan ɓeran hamada mai tsalle, Gerboise Bleue. Kimanin kiloton 70 ne, ya ninka na Hiroshima fiye da sau huɗu. Ta yi huɗu a sararin sama a can zuwa Afrilu 1961, sannan goma sha uku a cikin dutse a In Ekker da ke yankin Hoggar har zuwa 1966. A ɗaya daga cikinsu, Béryl, ranar 1 ga Mayu 1962, dutsen ya kasa riƙe fashewar, ƙura ta fito ta lulluɓe masu kallo, har da ministoci biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski.

Labaran sinima na lokacin, waɗanda za ka samu a INA, suna maganar hamada ne kamar babu kowa a cikinta. Alhali akwai garuruwan dabino na Tuwat, akwai Buzaye makiyaya, akwai ayarin fatake. Wata taswirar sojan Faransa da aka cire wa sirri a 2013, jaridar Le Parisien ta buga a Fabrairu 2014, ta nuna ƙurar gwajin farko ta kai birnin da ake kira Njamena yanzu cikin kwana guda, ta kai Bamako a kwana na huɗu, ta kai gaɓar Sifen cikin mako biyu. Duk wanda ya san daga inda iskar hunturu ke ɗebo mana ƙura ya san dalilin da ya sa shugabannin yankin suka tayar da jijiyar wuya. Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa a Ghana bayan gwajin farko. Bayan na uku, na 27 ga Disamba 1960, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961, ta hana jiragen sama da na ruwa na ƙasar shigowa Najeriya, wata uku kacal bayan samun 'yancin kai. Ba za ka ji wannan daga bakin mai sharhin Faransa ba, sai ka haɗa da jaridun lokacin. Aljeriya har yanzu tana neman a ba ta taswirar wuraren da aka binne gurɓatattun kayan aikin a cikin yashi.

Mataki na 8: Kafin ka nuna wa ɗalibai ko ka tura wa wani

Fara kalla kai kaɗai, domin wasu na ɗauke da aladu da awakin da aka ɗaure a filin gwaji, ba kowane yaro zai iya gani ba. Ka guji waɗanda aka shafa wa launi ko aka gyara da manhajar kwamfuta idan nazari kake, domin manhajar na ƙirƙiro abin da babu a faifan. Fina-finan da gwamnatin tarayyar Amurka ta shirya da kanta galibi babu haƙƙin mallaka a kansu, amma na British Pathé da INA da waɗanda wani kamfani ya gyara ya sa wa kiɗa suna da masu su. Kuma duk inda ka ga gidan katakon nan an rubuta Hiroshima a ƙarƙashinsa, kuskure ne, Nevada ce.

Idan za ka tura, ka haɗa da katin shaidar da ka rubuta a mataki na uku, ka ƙara layi ɗaya a kan mutanen da ke ƙarƙashin iska. Misali: Gerboise Bleue, Reggane, Aljeriya, 13 ga Fabrairu 1960, kimanin kiloton 70, a kan hasumiya, sojan Faransa ne suka ɗauka, ƙurarsa ta kai Bamako a kwana na huɗu.